Jagorar aikin yau da kullum ga mai rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a Kaduna

Mai rubuta labarin soyayya ko na zaman gidan aure yana da gata: duniyar da yake rubutu a kanta a shimfiɗe take, kowa ya san yadda ake kai lefe da abin da ke biyo bayan ɗaurin aure. Shi kuwa wanda ya ɗauko labarin Kaduna ta shekarar 2090, ko na 'yan Tudun Wada da suka tafi neman abinci duniyar Mars, dole ya gina duniyar da hannunsa, kuma ya riƙe dokokinta har babin ƙarshe. Saboda haka aikinsa na kullum ya kasu uku: rubutu, bincike, da sanar da masu karatu inda aka kwana. Abin da ya fi tsayar da irin wannan littafi a tsakiyar hanya shi ne cakuɗa ukun nan a zama ɗaya. Mutum ya zauna zai rubuta shafi biyu, ya buɗe intanet don ya duba nisan wata, daga nan ya leƙa saƙonnin masu jiran ci gaba, kafin ya ankara rana ta take.

Mataki na farko: lissafi da lokaci

Ka fara da sanin girman aikin. Littafi mai kalmomi 60,000, in kana rubuta 500 a rana, kwana shida a mako, zai ɗauke ka mako ashirin, kusan wata biyar ke nan kafin a zo maganar gyara. Kalma 500 ba ta wuce aikin sa'a ɗaya da rabi ga wanda ya san abin da zai faɗa. In da hannu kake rubutu, ƙirga kalmomin shafi uku na littafinka, ka raba uku, ka san shafi nawa ke ba ka 500, ka huta da ƙirge kullum. Wanda bai taɓa kammala littafi ba, ya fi masa alheri ya fara da gajeren labari mai kalmomi 3,000 zuwa 5,000 a cikin duniyar da yake son ginawa. A nan zai gane ko dokokinta za su iya ɗaukar dogon zango.

Lokacin da ya fi dacewa da yawancin mutanen garin nan shi ne bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai. Gari da sanyi ko a watan Maris da Afrilu da zafi ke kai intaha, waya ta kwana a caji, ba a fara sallama a ƙofar gida ba. Uwargida mai shirya yara makaranta ta mayar da nata zaman tsakanin takwas da goma, kafin ɗora sanwar rana. Ma'aikacin da ke bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja yana da sa'a biyu da ɗoriya a kujera ɗaya, ya tafi da littafi da biro. Kowane lokaci ka zaɓa, a kashe data, a kifa waya in ba da ita ake rubutun ba.

Kada ka tashi a ƙarshen babi. Tsaya a tsakiyar fage, lokacin da ka san abin da zai faru gaba, ka bar wa kanka layi ɗaya a ƙasa, misali: gobe mai gadi zai gano an yanke wayar farantin sola. Washegari ba sai ka zura wa farar takarda ido ba. A bayan littafin kuma ka ja layi uku, kwanan wata, lokacin farawa, yawan kalmomi. Bayan wata guda wannan ɗan jadawali zai nuna maka gaskiyar saurinka, kuma da shi za ka riƙa yi wa mutane alkawari. In azumi ya zo, rage adadin zuwa rabi ka mayar da zaman bayan sahur ko bayan asham. Yanke rubutun ɗungurungum na wata guda yana sa muryar taurarin labarin ta ɓace maka.

Wuta da ajiya

A tsara aiki a kan cewa za a iya ɗauke wuta kowane lokaci. Fawa-bank mai lamba 20,000 ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, wajen kashi biyu cikin uku ke isa waya, wato zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da rabi. Mai aiki da kwamfuta, batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda. In na ruwa ne, rabi kawai ake ja, in ba haka ba ya mutu da wuri, sannan inbata ta ci nata kason, a tashi da wajen 500. Kwamfutar cinya da ke jan wat 40 da ƙwan fitila mai wat 10 za su yi wajen sa'a goma a kai.

Kowane aiki ya zauna a wuri uku: na'urar da kake rubutu, filashi da ke ajiye a wani ɗaki, da imel ko Google Drive. Duk ranar Juma'a ka sabunta su, sunan fayil ya fara da kwanan wata, shekara, wata, rana, don su jeru da kansu. Tura wa kanka babi a WhatsApp ba ajiya ba ce, waya ɗaya in ta faɗa ruwa ko ta shiga hannun ɓarawo an yi biyu babu. Haka nan kada manhajar sayar da littattafai ta zama ita ce rumbunka: OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Tun ranar farko kuma ka sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Gboard yana da na Hausa a waya, Keyman yana yi a kwamfuta. Bin kalma 60,000 daga baya ana sa musu ƙugiya aiki ne mai cin rai, kuma dole a tsallake wasu.

Kundin duniyar labari

Nan ne zuciyar aikin. Sayi littafi mai kauri daban da na rubutu, ka raba shi gida-gida.

Shafin farko na babban sauyi ne, abu guda da ya bambanta duniyarka da tamu, cikin jimla ɗaya. Misali, an samu hanyar ajiye wutar rana mai arha ƙwarai, tsofaffin masaƙun Kakuri sun koma gonakin cikin gini. Sauyi ɗaya ya isa. Wanda ya zuba mutum-mutumi da tafiya cikin zamani da baƙi daga wata duniya a littafi guda, ba zai samu sararin bin ko ɗaya zuwa ƙarshensa ba. A ƙarƙashin jimlar ka amsa tambaya huɗu: wa ya samu kuɗi da wannan sauyi, wa ya rasa sana'a, me ke lalacewa a cikinsa, wa ke gyarawa. Tambaya ta uku da ta huɗu su suka fi haifar da labari, don mai karatu na Kaduna ya san duk na'urar da ta shigo ƙasar nan wata rana za ta kwana a gaban bakanike.

Gida na biyu na alƙaluma ne, kuma kowane adadi a rubuta inda aka samo shi a gefensa. Ɗauki misalin 'yan ci-ranin Mars. Saƙon rediyo tsakaninmu da can yana ɗaukar minti 3 in duniyoyin biyu sun kusanci juna, ya kai wajen minti 22 in sun nisanta. Ke nan uwa a Unguwar Sanusi in ta ce "Salamu alaikum", amsar ɗanta ba za ta iso ba sai bayan minti 6 aƙalla, wani lokaci 44. Babu hirar waya, sai saƙon murya. Marubucin da ya manta da wannan ya sa su suna katse wa juna magana, ya zubar da abin da ya fi komai taɓa zuciya a labarinsa, wato jiran. Ƙari a kan haka, damar tashin kumbo zuwa can tana zuwa ne kusan duk wata 26, tafiyar kuma wajen wata bakwai ce, don haka ba mai zuwa jana'iza ko suna. Yinin Mars sa'a 24 ne da minti 39, shekararta kwana 687 irin namu. Buhun masara mai kilo 100 a can zai yi nauyin kilo 38 a kafaɗa, a duniyar wata kuwa kashi ɗaya cikin shida. Sauti ba ya tafiya inda babu iska, saboda haka ba a jin ƙarar fashewa a sararin samaniya.

In labarin a ƙasa yake, lissafin ma yana nan. Farantin sola mai wat 300, a ranar Kaduna mai wajen sa'a biyar na cikakken haske, zai ba da wat-awa 1,500 a takarda, a zahiri wajen 1,100. In tauraruwarka tana tayar da famfon rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya, wato wajen wat 750, na sa'a shida, tana bukatar wat-awa 4,500, faranti biyar ke nan. Da hunturu ya shigo a Disamba, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara ta kwanta a kansu, wuta ta ragu. To wa ke hawa rufi yana gogewa, da wane ruwa, nawa ake biyansa? Ga sabon mutum ya shigo labarin daga lissafi kawai.

Gida na uku na addini da al'ada ne, kuma a nan ake son nutsuwa. Mutanen labarinka za su yi sallah da azumi, mai karatu kuwa zai tambayi yadda suke yi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaye duniya cikin minti 90, waɗanda ke ciki suna ganin fitowar rana sau 16 a yini. Da ɗan sama jannatin Maleshiya ya je can a 2007, tafiyarsa ta faɗo cikin watan Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka fitar masa da jagora a kan alƙibla da lokutan sallah da azumi. Mars kuma 'yan ƙananan watanni biyu gare ta, ba irin namu da ake duban jinjirinsa ba. Kada ka yanke hukunci daga kanka ka sa a bakin wani malami na labari. Rubuta tambayar a kundi, ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, abin da ya ce ka rubuta shi yadda ya faɗa.

Sauran gidajen gajeru ne: jerin shekaru daga yau zuwa lokacin labarin, shekarun haihuwar kowane tauraro, taswirar gari da ta nuna inda kogin Kaduna ya raba shi da inda gadoji suke, sai shafin sunayen na'urori. Kowace na'ura suna biyu gare ta, na ofis da wanda 'yan tasha za su laƙaba mata, kuma in ka zaɓa kada ka sauya.

Ranar bincike

Yayin rubutu, duk inda ka rasa wani bayani, sa alamar tauraro uku ka wuce. Kada ka tsaya nema. Ranar Asabar, ko wace rana ka ware, ka tattara alamomin makon ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Adadi ba ya shiga kundi sai ka same shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen fahimtar abu mai wuya, amma sukan ba da adadin ƙarya da cikakken ƙarfin gwiwa, don haka abin da suka faɗa ma sai an tabbatar.

Mazaunin Kaduna ba shi da uzurin kwaso duniyar labarinsa daga finafinan Amurka, don kayan aiki na kewaye da shi. Ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Ga masana'antar kayan yaƙi ta DICON da makarantar horar da hafsoshi ta NDA, duka na 1964. Ga cibiyar nazarin albarkatun ruwa a Mando, ga madatsar Shiroro a kan kogin Kaduna can jihar Neja mai megawat 600. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, akwai kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙaramin injin nukiliya na bincike yake aiki tun 2004. Ƙasar nan ta harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Na sadarwa da aka harba a 2007 ya daina aiki a 2008 saboda matsalar farantan solarsa, aka maye gurbinsa a 2011. Mai son ya hango Kaduna ta gaba kuma ya leƙa ta baya a Gidan Arewa da ke titin Rabah da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ya ga yadda garin ya tashi bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Wuraren tsaro da na makamashi ba a shigarsu haka kawai, ba a kuma ɗaukar hoto. A rubuta takarda a nemi izini, ko a nemi malamin jami'a ko ma'aikacin da ya yi ritaya a zauna da shi.

Amma babu inda ya kai Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa da masu ƙere-ƙere, amfani ga irin wannan marubuci. Je da hantsi, kafin aiki ya kankama, ka gaida mai rumfa yadda ya kamata, ka faɗi abin da ya kawo ka. Tambayar "yaya injin nan yake aiki" ba ta cika fitar da komai ba. Ka ce, "Baba, sannu da aiki. Don Allah in wannan injin zai lalace, mece ce alamar farko da kuke ji?" Nan za ka ji yadda ƙara ke sauyawa in boris ya fara ci, da warin da koyil ke yi in ya ƙone, da abin da ake sawa a madadin kayan gyaran da babu shi a kasuwa. Kalli hannunsa, ka ga yadda yake kara bayan yatsu a jikin ƙarfe don jin zafi kafin ya kama. Rubuta kalmominsa yadda ya furta su, kuma kada ka tashi ba ka sayi wani abu ko ka yi wa yaran shago ihsani ba. In za ka naɗi murya, sai da izininsa.

Sanar da masu karatu

Masu karatu suna da haƙƙin sanin inda aiki ya kwana, musamman in sun saba da kai. Ware rana ɗaya a mako, bayan ka gama rubutun ranar, ba kafinsa ba. Sanarwar ta ƙunshi abin da aka gama, adadi na gaskiya daga jadawalinka, abin da ke gaba, da ɗan tsarabar bincike guda. Ga samfuri:

"Jama'a barkanmu da Juma'a. Wannan makon an kammala babi na 12, jimlar kalmomi ta kai 31,000 cikin 60,000. Babi na 13 zai ɗan jinkirta, akwai lissafin ruwa da nake son wani injiniya ya duba mini. Tsarabar mako: hasken rana yana yin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu."

Wannan ya wadatar. Kada a saka ranar fitowa matuƙar ba a gama zubin farko ba, kada kuma a karɓi kuɗin kowa a kan littafin da bai kammalu ba, don bashi ne, kuma yana sa a yi wa ƙarshen labari gaggawa. Makon da ba a yi komai ba a faɗi haka cikin layi ɗaya. Ba dole ba ne a bayyana rashin lafiya ko matsalar gida, kuma bai kamata a riƙa faɗin unguwa ko ranar tafiya ba.

Masu sakin labari babi-babi su fi kowa kiyayewa. A labarin kimiyya, sau da yawa sai a babi na 20 ake gano dokar da aka kafa a babi na 3 ba za ta yi ba. In na 3 ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba ya gyaruwa, sai dai a yi ta kwaskwarima mai karatu yana gani. Mafi aminci a gama littafin kafin a fara saki. In hakan ya gagara, a tara babi goma a hannu, kada tazarar ta taɓa raguwa ƙasa da biyar. Mai karatun da ya kawo gyara a kan kimiyya a gode masa, a rubuta a kundi, a duba ranar bincike. Wanda ya ce a aurar da wance ga wane kuwa a saurare shi da fara'a, a ci gaba da abin da aka tsara.

Gyara da ɗab'i

Da ka sa aya ta ƙarshe, ajiye littafin mako uku ko huɗu. Sannan ka yi masa karatu huɗu, kowanne da abin da yake nema. Na farko zubi da tsari: ina labari ya yi sanyi, wane babi ne in an cire ba a rasa komai ba. Na biyu da kundi a buɗe a gefe, ana gwada kowane adadi da kowace shekara. A nan ne za ka datse dogayen bayanan kimiyya, don binciken da ya ci maka Asabar uku yakan so ya fito duka a shafi, alhali layi biyu a bakin bakanike ya ishi mai karatu. Na uku da babbar murya, don kunne ya kama jimlar da aka gina da ƙashin Turanci. Na huɗu ƙa'idojin rubutu, haɗe kalmomi da raba su, da ƙugiyoyi. Bayan nan ka ba mutum uku: masanin fannin, malamin Hausa, da mai karatun da bai damu da kimiyya ba, ka roƙe shi ya sa alama duk inda ya ji zai ajiye littafin.

Shafin A5 yana ɗaukar kalma 250 zuwa 300, don haka littafinka zai kai shafi 200 zuwa 240. Maɗaba'a tana buga shafuka 16 ko 8 a faranti ɗaya, a daidaita adadin da haka don kada a biya kuɗin fararen shafuka. Kai musu aikin a PDF da nau'in haruffan a cikinsa, irin su Charis SIL ko Noto Serif, in ba haka ba ƙ da ɗ su koma 'yan akwatuna a kwamfutarsu. Nemi kwafin gwaji guda ka bi alƙaluman da biro kafin a tayar da inji, don sifili ɗaya in ya faɗi daga nisan wata, kilomita 384,400, duk kwafin da aka buga da shi za su fita. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, yana da reshe a Kaduna, kuma doka ta ce mai bugawa mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku. Ranar fitowa kuma sai katan ɗin littattafai ya iso hannunka, ka buɗe ka duba daga sama da tsakiya da ƙasa, sannan ka sanar da ita.